Awa Ɗayar da Na Cire daga Agogon Yaya Lawali

Shekara bakwai ke nan, a ƙarshen wannan damina, da rasuwar yayana Lawali, wanda mutanen Kanan-Bakashe da ƙauyukan kewaye suka sani da Mushe Lawali, malamin lissafi (Mushe ake ce wa malamin boko a wajenmu). Ya rasu gero ya fitar da kai, ba a kai ga yanka ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa sadaka, in je in gai da matarsa Rabi, in dawo Tasawa bakin aikina ban ce wa kowa komai ba. Bana shirun ya gagare ni. Har yau idan aka ambaci sunansa a wurin suna ko a motar kasuwa, sai an samu wanda ya girgiza kai ya ce, Allah sarki, ciwon nan ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa a ƙarshe. Da tausayi ake faɗa, na sani. Shi kansa da wannan zaton ya koma ga Mahaliccinsa. Na zauna rubuta wannan ne don in ce ba haka abin yake ba, in kuma faɗi yadda aka yi na sani.

Ni ce autar gidanmu, shi ne babba, kuma a hannunsa na koyi haɗa baƙi. Sakatariya ce ni, shekara ashirin da ɗoriya ina buga takardun mutane a buro, wato ofis. Wanda ya san ni ya san ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Hoto a bangon gidan mutane, tabarmar da ta naɗe, kalandar da aka manta ba a juya ba, hannuna yakan riga tunanina isa wurin. Yaya ya sha yi mini tsiya a kan haka. Yakan ce da za a bar ni da sararin sama dare ɗaya, da gari ya waye na jera taurari layi-layi kamar 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, a gaban tuta. Ina dariya, shi ma yana dariya, don a lokacin halin nawa bai taɓa cutar da kowa ba.

Son taurari a gida ya taras da shi. Mahaifinmu manomi ne da yake duban Kaza da 'ya'yanta kafin ya yi maganar shuka, kuma da Gamzaki yake tashi. Mu sauran mun tsaya a nan, Yaya ya zarce. Shekara da shekaru yana ɗora wata tsohuwar kamara a kan buhun yashi bisa katanga, yana ɗaukar hotunan da mu dai ɗige-ɗige muke gani a ciki. Sai a kakar da ta zama ta ƙarshe gare shi wani abokin karatunsa da ke zaune a Faransa ya aiko masa da kaya na hannu: madubin hangen taurari, da ƙafarsa mai inji da ke juya shi, da kamara, da ordinatar, wato kwamfuta, irin na ɗauka a jaka. Ban taɓa ganin mutum mai furfura yana murna irin ta ranar ba. Ya dasa bulo uku da siminti a tsakar gida don ƙafafun madubin su riƙa sauka wuri ɗaya kullum. Ya rage tsawon katangar arewa da kamu guda don ya riƙa ganin tauraron da yake saiti da shi, maƙwabta suna ta cewa Mushe ya yi wa akuyoyi ƙofa.

Dole in ɗan bayyana yadda abin yake aiki, don a nan maganar take. Abubuwan da yake son ɗauka ido ba ya ganinsu, saboda haka ba zai iya leƙawa ya saita madubin a kansu ba. Sai ya rubuta sunan abin a ordinatar, injin ya juya madubin zuwa inda yake zato, kamara ta ɗauki hoto na 'yan daƙiƙoƙi. Daga nan wata manhaja ta dubi yadda taurarin hoton suka zauna da juna, ta kwatanta da taswirar sama da ke cikinta, ta ce ga ainihin inda kake kallo, ka kauce kaza. Injin ya gyara. Yaya ya sa wa manhajar suna Jagora. Don kada ta ɓata lokaci tana laluben sama gaba ɗaya, a unguwar da aka ce mata kawai take nema, ita kuwa unguwar daga abu biyu ake gane ta: inda kake tsaye a doron ƙasa, da kuma ƙarfe nawa. Sama juyawa take yi, inda tauraro yake yanzu ba nan zai kasance ba bayan awa guda. Ya yi mini wannan bayanin muna shan kunu, na saurara da kunne ɗaya, hankalina yana kan wani maɓallin rigarsa da ya kusa cirewa.

Duk lokacin sanyin shekarar Jagora ba ta ba shi kunya ba ko sau ɗaya. Bayan isha'i zai jona komai da batirin da panon rana, wato farantin sola, ya cika, Rabi ta riƙe masa tocila da aka ɗaure wa jan ƙyalle a baki, kafin a ƙirga talatin injin ya yi 'yar ƙara ya tsaya daidai. Da safe ya kai hotunan aji. Akwai wani da ya ɗauka, wani haske kamar auduga da aka shaƙe, ja-ja da shuɗi-shuɗi, wanda ya ce a ƙarƙashin taurarin nan uku da ke jere yake. Na tambaye shi ko fenti ya yi masa. Ya ce, Auta, ke dai ba ki yarda da abin da ba ki buga da hannunki ba.

Sanyi na shirin fita ciwon ya same shi. Hawan jini ne da ya daɗe yana raina wa, ya faɗi a bakin allo da alli a hannu. Allah ya taƙaita, bai shanye ba gaba ɗaya. Hannun dama ya yi nauyi, magana ta sarƙe masa na 'yan makonni, yakan nemi ya ce kofi ya ce ƙofa, ya nemi sunan 'yarsa ya tsaya yana kallonta. A hankali harshen ya warware. Amma tsoro ya riga ya shige shi, irin tsoron mutumin da duk abin da ya mallaka a duniya a cikin kansa yake. Ranar da na je duba shi bayan an sallamo shi daga likita, ya riƙe hannuna da hannunsa na hagu.

"Auta, an ce in huta," in ji shi. "Ni kau na san yadda zan gwada kaina. In na tada wanga abu ya yi aiki kamar da, kaina na nan, rantire in an buɗe lakwal in koma aji. In ya ƙiya, ba ni tsayawa gaban ɗiyan mutane in koya musu kuskure."

Na ce masa ya bar wannan magana, ai kowa ya ga ya samu sauƙi. Ya ce kowa tausayinsa yake ji, na'ura ce kaɗai ba ta san tausayi ba.

A watan Maris na shekarar ordinatar ɗinsa yana hannuna a Tasawa. Na ɗauko shi ne don buga takardun hutun jinyarsa a gida, kada in haɗa aikin iyali da na buro. Wata safiya a ƙarshen watan na buɗe shi, na ga agogon da ke gefen allon ya ce ƙarfe takwas, na bango ya ce bakwai. Na dubi na hannuna, bakwai. Na ce a raina, tsohon kaya ke nan, har ya fara ruɗewa. Na shiga na mayar da shi baya awa ɗaya. Ko minti guda abin bai ɗauke ni ba. Na ci gaba da bugun takarda, na ma ji daɗin cewa na rage wa mara lafiya wata 'yar matsala da bai san da ita ba. Da na mayar masa da kayansa ban ambata ba, don ban ɗauke shi abin ambato ba.

Cikin bazara ya ji ƙarfin fitowa. Ina nan a daren farko, ni na taya Rabi fito da madubin muka sauke shi kan bulon nan uku. Ya rubuta sunan abin da yake so da yatsa ɗaya na hagu. Injin ya juya, kamara ta ɗauka, muka jira. Talatin ta wuce, minti ya wuce, biyu suka wuce. Sai allon ya fito da kalma ɗaya ta Faransanci da jan rubutu, mai nufin an kasa. Ya sake, haka. Ya sake sau biyar. Ya yi murmushi ya ce kayan ne suka yi fushi don an daɗe ba a kula su ba.

Daga ranar har ruwa ya sauka sosai, duk daren da sama ta yi garau yana tsakar gida. Ba abin da bai bi ba. Ya goge gilashi, ya sake daidaita kaifin hoto har taurari suka zama kamar bakin allura. Ya canza waya. Ya ƙara wa kamara lokacin ɗauka ko taurarin ne suka yi kaɗan, ya rage ko sun yi yawa. Ya ce wataƙila zafin bazara ne yake sa kamara fitar da ɗigon haske na ƙarya, manhajar ta ɗauke su taurari, sai ya naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma. Ya sake shigar da tsawon madubin da girman idon kamara, ya goge manhajar ya sake zuba ta. Akwai hanyar da ake sa Jagora ta lalube sama gaba ɗaya, amma tana bukatar manyan taswirori da ba su cikin na'urarsa, kuma a lokacin sai an hau tudun bayan kasuwa ake samun rezo, wato sabis na waya, shi ma na gaisuwa kawai. Abu ɗaya ya lura da shi: idan ya ce wa injin ya nufi wani babban tauraro da ido ke gani, sai madubin ya tsaya gabas da shi, kamar taƙi guda idan ka miƙa hannu. Kullum gabas, kullum taƙi guda.

Ya duba agogo, ba bai duba ba. A gabana ya kunna rediyo ya jira lokacin labarai, ya dubi allon, ya ce, "Agogo dai daidai yake." Na tuna abin da na ji a lokacin, kuma shi ne abin da ya fi yi mini nauyin faɗa: daɗi na ji. Na ce a raina, ai dole, wa ya gyara shi. Ya buɗe wurin da ake zaɓar yankin lokaci, ya ga an rubuta awa ɗaya gaba da agogon duniya, wanda shi ne namu na Nijar. Da sunan birnin Faris a gefe, amma haka yake tun ranar da kayan suka zo, kuma haka suka yi aiki duk sanyi. Ya rufe ya wuce. Da komai ya fita daga zargi, mutum ɗaya ya rage masa. Ya soma cewa lambobin wurin da garin yake ne yake shigarwa ba daidai ba, idonsa yana ganin shida hannunsa yana buga tara shi bai sani ba. Ya sa Rabi ta karanta masa su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce daidai suke. Ya ce ita ma tausayi ne.

Mun ce ya tambayi wani, ko a Maraɗi ko a Yamai ba a rasa wanda ya san irin wannan. Ya ƙi. Ya ce idan aka ba shi amsa, gwajin ya ɓaci. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki sabon kaye, littafin rubutu irin na ɗalibai, ya rubuta kowane mataki, daga fito da ƙafar madubin har zuwa danna maɓallin ƙarshe, da rubutun hannun hagu mai rawa, don ya daina dogara da abin da yake tunawa. Mutanen gari suna ganinsa dare bayan dare yana maimaita abu ɗaya yana magana shi kaɗai. Daga nan maganar ta fara yawo.

A watan Yuli ya kira ni ya ce in zo da shirin bugu. Ya zauna a bakin gado ya yi mini shifta: yana roƙon a sauke shi daga koyarwa, domin hankalinsa bai kai yadda zai riƙe aji ba. Shekara ashirin da shida yana tsaye gaban allo. Na buga wasiƙar a kan wannan ordinatar ɗin, agogon da na taɓa yana gefen allon yana nuna lokaci daidai. Na yi kuka, na roƙe shi ya jira har kaka. Ya ce alkawari ya yi wa kansa, kuma ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ba ya cewa a sake masa tambaya. Ya sa hannu. Bayan wata biyu ciwon ya dawo da asuba, bai kai azahar ba. Ba na cewa agogo ne ya kashe shi, kwana ne ya ƙare. Amma watanninsa na ƙarshe a duniya ya yi su ne yana kallon kansa a matsayin wanda ya lalace, ya daina gyara wa 'ya'yansa aikin gida, ko canji aka miƙo masa a shago sai ya ce Rabi ta duba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Rezo ya shiga har ɗakin da ya yi jinya. Wayar da ke hannun kowa ita ke saita agogonta, ba mai jiran labaran rediyo. An ce mini akwai zaurukan masu irin sha'awarsa a waya, ka tura hoton matsalarka, kafin ka idar da salla wani daga wata ƙasa ya ba ka amsa. Ina jin zai so wannan, ko da yake na san shi, sai ya kwana uku yana fama shi kaɗai kafin ya yarda ya tambaya. Fitilun rana da aka kafa a bakin hanya kuwa, mata suna sa albarka, shi da ya yi ta mita, don ɗaya tana leƙo tsakar gidansa daidai ta inda ya rage katanga. Ɗalibansa sun zama manya, wasu malamai ne, ɗaya ma ita ta auna mini jini bara. Da ta ga sunan mahaifinmu a katina ta ce, ke ƙanwar Mushe ce, Allah ya jiƙansa, mun ji yadda ya ƙare. Na ce amin, na naɗe hannun rigata na fito.

A bazarar bana ne maƙwabciyata Hajiya Indo ta shigo ina tsintar wake. Ɗanta yana aiki a Faransa, duk Lahadi yake kiranta, ranar kuwa kiran ya same ta a gidan biki. Tana ta faɗa ita kaɗai.

"Na mance sun juya agogonsu," in ji ta. "Yanzu sun hi mu da awa guda, sai sanyi ya shigo su komo daidai da mu. Mutanen ga har rana ba su ƙyale ba."

Na san da wannan al'adar tasu, an taɓa gaya mana a lakwal, na ajiye ta inda ake ajiye abin da bai shafe ka ba. Mu nan ba wanda ya taɓa juya agogo don rani ko damina. Na tambaye ta yaushe suke juyawa. Ta ce ƙarshen Maris. Na ajiye faifan. Hajiya ta tambaye ni ko lafiya. Shekara bakwai ban tuna da safiyar nan ba, sai ga ta a gabana da agogon bango da komai.

Asabar na hau motar Mayahi, daga can na samu mai babur. Na ce wa Rabi ina son ganin kayan Yaya, ban faɗi dalili ba. Suna cikin akwatin ƙarfe, ta naɗe kowanne da tsohon zane, ba ta bari ko yara su taɓa ba. Bulon nan uku suna nan, an kafa turken akuya kusa da ɗaya. Na ari batir a maƙwabta. Ordinatar ya daɗe yana tunani kafin ya farka, agogonsa ya mutu gaba ɗaya ya koma wata tsohuwar shekara. Na shiga wurin yankin lokaci. A ƙasa da layin da Yaya ya duba akwai wani ɗan akwati da bai kai ƙwayar gero biyu ba, da alama a cikinsa, an rubuta cewa na'urar ta riƙa juya agogo da kanta idan lokacin zafi ya zo. Ashe ba ruɗewa ta yi ba. Ita a zatonta a Faransa take, ta bi agogon can, kuma a lissafinta na ciki lokacin daidai yake. Da na bar ta da takwas ɗinta, da ba abin da ya faru. Ni na gyara abin da ido ke gani, na ɓata wanda Jagora ke aiki da shi, ta riƙa neman taurari a inda suka baro tun awa guda.

Ban yarda da kaina ba sai na gwada. Ban san komai game da madubi ba, kayen Yaya na buɗe na bi layi-layi. Maraicen farko gaba ɗaya a jona wayoyi ya tafi. A na biyu, bayan isha'i, Rabi ta fito da tocila ba tare da na roƙe ta ba, ta ɗaura mata jan ƙyalle. Da farko na maimaita laifina da gangan: na bar alamar, na sa agogo daidai da namu. Injin ya juya, muka jira, jar kalmar nan ta fito. Rabi ta kawar da kai, ta ce in rufe haka nan don Allah, ta ga wannan ya ishe ta. Na ce ta ba ni minti biyar. Na cire alamar, na sake saita agogon. Ban taɓa ko lamba ɗaya daga cikin waɗanda ya shigar bayan ciwonsa ba. Ban kai ƙirga ashirin ba allon ya cika da lambobi, injin ya yi 'yar ƙarar nan, ya matsa kaɗan, ya tsaya.

A nan tsakar gida na gaya mata komai, tun daga safiyar Maris. Ban nemi in yi wa kaina ado ba. Ta ajiye tocilar. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, na ɗauka shi ke nan tsakanina da ita. Sai ga ta da wata takarda a ninke, an yage ta daga ƙarshen kayen.

"Wagga na ɓoye," in ji ta. "Bayan kin buga mishi wasiƙar ya rubuta ta, ana ruwa, ba a ganin sama. Na cire ta don kada yara su girma su gani su ce ubansu ya zauce."

Na haska. Shafin cike yake da lissafi, ya auna tazarar da madubin ke kaucewa dare daban-daban, ya raba, ya mayar da ita lokaci. A ƙasa ya ja layi biyu kamar yadda yake yi a allo idan ya kai ga amsa, ya rubuta da Hausa: Kuskuren awa ɗaya ne cif. Amma agogo daidai yake. To, kaina ne.

Na karanta mata da ƙarfi. Ta ce, "Ashe ya gano." Na ce ya gano, Yaya Rabi, shi kaɗai. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Tashi, Auta. Ke kin gyara abin da kinka gani a karkace. Mu duka muna nan muna kallon shi, ba wanda ya tsaya ya ce mishi kanka lahiya lau, na'urar ce. Ni ma ban ce ba." Ta goge ido da gefen zane, ta ce tunda aikina rubutu ne, in je in rubuta inda mutane za su gani.

Ban san abin da ake cewa ya rage daga mutum bayan shekara bakwai ba. Hotunansa suna nan, amma wanda ke da waya yana iya ganin waɗanda suka fi su kyau. Kayan za su tsufa. Abin da na gani da idona shi ne kayen da ya rubuta a lokacin da ya fi kowa raina kansa ya ɗauki mace da ba ta san gabas da yamman madubi ba, ya kai ta har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Malami ne har a wannan halin. Yafiyar Rabi na samu, tasa kuwa sai dai in roƙi Allah ya isar masa, don na san zan ɗauki wannan awa ɗaya har ranar da za a ɗauke ni.

Ku da kuka zauna a ajinsa, da ku da kuka gan shi a tsakar gida kuka tausaya, ina roƙonku abu ɗaya. Idan kun ambace shi ku ce Allah ya jiƙan Mushe Lawali, ku tsaya a nan. Ya yi jarrabawar da ya ɗora wa kansa da hannun hagu, ya ci, ya ba kansa sifiri, ya tafi bai sani ba.